Wa ya turo ka?

Asabar, bayan isha'i.

Ƙafafuna zugi suke yi, amma bari in rubuta wannan kafin Yaya ya karɓe wayarsa.

Sati uku ke nan da muka gama jarrabawar JSS 3, kuma zaman gida ya ishe ni. Daga aiken markaɗe sai ɗebo ruwa, sai rabon faɗa tsakanin ƙannena. Shekarata 14, ina so in shiga SS 1 da takalmi da jakar da na saya da kuɗina. Shi ya sa yau da safe na fasa asusuna, na ce wa Umma zan je neman aikin hutu. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a, magidanci."

Daga Ɗorayi adaidaita biyu na hau kafin in isa Farm Centre, kasuwar wayoyi ta Kano. Gyaran waya nake so. Na daɗe ina sha'awar yadda suke buɗe waya su ɗaga sikirin da iska mai zafi, kamar ba komai ba. A shagon farko na yi sallama, na gaishe da mai shagon, na faɗi abin da ya kawo ni. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Wa ya turo ka?" Na ce ba kowa. Ya ce to Allah ya kawo rabo. Na biyu ma tambayar ke nan. Na uku ya fi su haƙuri, har benci ya nuna min. Ya ce, "Samari, wayar mutane muke riƙewa a nan. In ɗaya ta yi ƙafa, ƙofar gidan wa zan buga?" Ya ƙara da cewa mai koyo shi ke kawo kuɗin koyo, ba shi ake biya ba, kuma wata biyu ko sunayen kayan aiki ba za su ishe ni riƙewa ba.

Gaskiya na ji haushi, don ni ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Amma a ina zai san haka? A goshina aka rubuta?

Da sauran canjina na wuce Kantin Kwari. Cunkoso, 'yan dako da diloli a ka suna "hanya, hanya", ga yara sa'o'ina suna ninke atamfa turmi-turmi, hannunsu kamar inji. Na tambayi ɗaya yadda ya samu shiga. Ya ce shagon ƙanin babansa ne. Na kusa da shi, maƙwabcinsu ne ya kawo shi. Ban ƙara tambayar kowa ba. Na sayi ruwan leda, na yi azahar, na kamo hanyar gida, rabinta a ƙasa.

Umma ba ta ce komai ba, tuwo kawai ta turo min. Ashe ta gaya wa Baba. Bayan magariba ya ce in sa takalmina in biyo shi. Ba mu yi nisa ba, shagon telan bakin layinmu ne, wanda kullum nake wucewa ta gabansa ban taɓa kawo shi a raina ba. Suka gaisa, suka taɓa hirar damina da tsadar masara, ni ina tsugune a gefe. Can Baba ya ce, "Malam, ga ɗanka nan na kawo maka. Hutu suke, ba na son yawon banza." Malam ya ce, "Ai nawa ne. Shi ne mai buga min ƙwallo a ƙofa, ko?" Na sunkuyar da kai.

Nan take suka tsara komai. Ƙarfe takwas zuwa azahar, saboda Islamiyya da la'asar, Baba ya ce wannan ba ta taɓuwa. Alhamis da Juma'a da ba a zuwa Islamiyya zan koma da yamma. In an koma boko, sai Asabar da Lahadi kawai. Na yi ta kasa kunne in ji an ambaci kuɗi, shiru. Sai da muka miƙe Malam ya ce, "Na sabulu ba zai gagara ba." Nawa ne na sabulu? A hanya na tambayi Baba, ya ce wanda ya je koyo ba ya ciniki. Ni dai a raina ina lissafin sabulu nawa ke sayen takalmi.

Kafin mu tafi ma sai da Malam ya gwada ni. Ba wuta, ya ce in hura gawayin dutsen guga, in goge masa wuyan wata riga. Ban ƙona rigar ba, ɗan yatsana na ƙona, na haɗiye ihun don babban yaronsa yana kallona. Keke kuwa an ce kada in kusance shi tukuna. Aikina shara, guga, sa maɓalli, da zuwa sayo zare.

Umma ta shafa min man goge baki a yatsan, tana dariya ƙasa-ƙasa. Ta ce gobe in sa tsohuwar rigata, kada gawayi ya ɓata ta Juma'a. Yaya ya fara buga ƙofa, wayarsa yake so.