Maman Tagwaye ma za ta tashi

Tun kafin ƙarfe takwas aka fara buga igwa daga barikin soja na Fort Carson. Gilashin tagar kicin yana ɗan rawa, ni ina suyar ƙwai, ko ɗaga kai ban yi ba. Inna ce ta jiyo ta cikin waya, lokacin wajen ƙarfe uku na rana a Kano. Ta ce, "Innalillahi, ke mene ne wannan? Yaƙi ake yi a garin naku?" Na ce Inna atisaye ne, sojoji ke koyon harbi a dajinsu. Ta ce to Allah Ya tsare, amma ita ba ta ga dalilin da mutum mai iyali zai kama haya a bakin bariki ba.

Na yi dariya, don a gundumar El Paso duk inda ka kama haya bakin bariki ne. Mu a Fountain muna jingine da Fort Carson, wanda aka kafa a 1942 ana tsaka da yaƙin duniya na biyu. Ka nufi arewa ka tarar da makarantar horar da hafsoshin sojan sama. Gabas akwai Peterson da Schriever na rundunar sararin samaniya. Yamma ma ba su bari ba, sun huda Dutsen Cheyenne tun zamanin yaƙin cacar baka sun gina wurin sa ido a cikinsa. Na juya mata kyamara ta ga dutsen Pikes Peak, ga Yuni ya shigo amma da sauran dusar ƙanƙara a kansa. Ta ce ikon Allah. Yaya yana gefe yana tambaya ko har yanzu muna kusa da iyakar Meziko. Na sake gaya masa waccan El Pason ta Texas ce, tamu a Colorado take, gindin duwatsu.

Raina fes har na ajiye wayar. Sai na leƙa waje na ga babbar motar kwasar kaya a ƙofar gidan Maman Tagwaye.

Na yafa mayafi na tsallaka. Falon ya cika da kwalaye, maza biyu suna naɗe kujeru da bargo, tagwayen suna zaune a ƙasa suna cin biskit a cikin kwali. Ta rungume ni ta ce takarda ta fito, an tura mijinta Jamus. Ta ce ta so gaya mini tun makon jiya, bakinta ne ya yi nauyi. Na ce haba, ko ɗan ƙyas ban ji ba? Ta ce haka abin yake, ana ta jira ana jira, ranar da ya zo kuma sai gudu.

Ta ja ni bayan gida. Ga tukwanenta na shuka: tumatir, tattasai, na'ana'a, da ɗan itacen lemon tsami da take shigar da shi ɗaki duk lokacin sanyi. Ta ce duk nawa ne, ba za a bar ta ta shiga wata ƙasa da shuka ba. Na tsuguna ina duba tumatirin, ya fara fure, har da 'ya'ya ƙanana kore shar guda-guda a ƙasan ganye. Na ce mata ga fili a bayan gida, me ya sa tun farko ba ta shuka a ƙasa ba? Ta kalle ni ta ce, "Mu matan soja ba ma shuka a ƙasa. Abin da ba zai shiga mota ba, ba ma fara shi."

Ba da baƙin ciki ta faɗa ba. Tana faɗa tana rubuta lamba a jikin kwali. Maganar nan ce ta tsaya mini a wuya yini guda.

Don ni na shuka a ƙasa. Matar nan ita ta kai ni asibiti ranar da Abba ya faɗo daga keke, maigida yana wurin aiki. Ita ta koya mini cewa a nan, da yake mun kusa mita 1,700 sama da teku, ruwa yana tafasa tun bai yi zafi sosai ba, shi ya sa wake ke ƙin nuna, ta ba ni aron tukunyarta mai matsi har na sayi tawa. Da azumi ba ta cin abinci a gabana ko da na ce ba komai. Ranar Sallah ta ci tuwo da miyar kuka da hannu, ta nemi ƙari. Ni a raina na riga na ba ta matsayin maƙwabciya irin yadda aka rene mu, wadda za a yi suna da ita, a yi biki da ita, in ta kama a yi zaman makoki da ita. Ita kuwa tun ranar da ta sauke kaya ta san bayan shekara biyu ko uku wata takarda za ta zo. Ba na zarginta. Ta ƙaunace mu da gaske, na sani. Amma ta iya ƙaunar da ake naɗewa a tafi da ita, ni ban iya ba, kuma ban tabbata ina son in koya ba.

Abin da ke ba ni mamaki da gundumar nan ke nan. A ƙidayar 2020 an samu mutum 730,395, har ta zarce Denver, ta zama mafi yawan jama'a a jihar. Gidaje sai tsirowa suke ta gabas, wajen Falcon, inda da ciyawa ce da shanu. Amma a layinmu fuskokin ba sa zama. Duk bazara motocin kwasar kaya ke layi, wannan ya tafi Alaska, wancan Koriya, wani ya iso daga Hawaii. Ko Colorado Springs, babban birnin gundumar, janar ne ya kafa ta, Palmer, a 1871. Gari ne da soja ke ciyar da shi: mai aski, mai sayar da mota, mai gidan haya, duk suna kallon ƙofar bariki. Mu ma haka, tunda kamfanin su maigida da kwangilar soja yake numfashi. Ba zan raina hannun da ke ba mu abinci ba. Sai dai akwai kuɗin da ake biya wanda ba ya cikin takardar albashi, kuma yara ne suka fi biyansa.

Ummi ta dawo daga ɗakin karatu ta ga motar. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Mama, dama na sani." Ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Da ta yi kukan da ya fi mini sauƙi. A ajinsu an saba, ana tsakiyar zango a kawo sabon yaro, a ɗauke wani. Bara ma ƙawarta ta kusa haka aka ɗauke ta. Da na bi ta ɗakin sai ta ce ita daga yanzu da 'yan masallaci kawai za ta yi ƙawance, su ba a yi musu transfa. Na buɗe baki in ce ba haka ake yi ba, haƙƙin maƙwabci ba ya faɗuwa don zai tafi, sai na ga idonta ya cika. Na zauna kusa da ita kawai, na warware mata kitson da ya tsufa.

Da la'asar hadari ya taso daga kan duwatsu, waya ta yi ƙarar gargaɗin ƙanƙara. Wanda ya ga abin da ƙanƙarar 2018 ta yi wa rufin gidaje da gilasan motoci a Fountain ba ya wasa da wannan ƙara. Ni da Abba muka yi ta jidar tukwane zuwa gareji, na lemon tsamin sai da mijinta ya kama mana. Ƙarshe yayyafi aka yi, ya wuce.

Leɓena ya sake tsagewa. Iskar garin nan kamar hunturun da ba ya ƙarewa.

Maigida ya dawo a gajiye. Na ba shi labari, ya ce Allah Ya kai su lafiya, ya koma zancen da ya dame shi tun Satumban 2025, da Trump ya sanar za a ɗauke hedikwatar rundunar tsaron sararin samaniya daga Colorado Springs zuwa Huntsville ta Alabama. A ofis ana ta ƙus-ƙus kan waɗanne kwangiloli za su bi ta. Ya ce, "Maman Ummi, kada ki yi mamaki in mu ma wata rana motar nan ta tsaya a ƙofarmu." Na ce Baban Ummi don Allah ba yau ba. Ya yi shiru, ya ja farantinsa.

Jibi za su kwana a otal, jirginsu ranar Asabar. Na so in yi musu dambun nama na hanya, maigida ya tuna mini ba a shiga Jamus da nama daga nan. Sai dai cincin, tagwayen suna sonsa. Fulawa ta ƙare, sai na fita da sassafe. Ummi ta ce ita za ta yanka.