Asabar a ƙarƙashin kafet ɗin mota

Asabar, tsakiyar Agusta, Kano

Ruwan daren jiya da iska ya zo. Tun tsakar dare ya tsuge, bai tsagaita ba sai wajen kiran assalatu. Da na dawo daga masallaci na biya ta gefen mota, tun daga nesa na hango ledar da muka liƙa a tagar baya tana lilo a jikin salatef. Jiya da yamma ne wayar injin ɗaga gilashin ta tsinke, gilashin ya zurma cikin ƙofa, ga magariba ta kawo kai, masu gyara sun tashi. Muka rufe da leda a kan sai da safe. Iska kuwa ba ta san da wannan yarjejeniyar ba.

Kujerar baya ta sha ta ƙoshi. Wurin ajiye ƙafa kuwa ruwa ne kwance, takalmin soson autarmu yana yawo a kai, ga littafin Islamiyyar yayarta ya kumbura ya ninka kaurinsa. Na ɗauko kofin roba na fara kwasa. Da kofi ya daina kamawa na koma soso, daga nan sai tsofaffin tawul: a shimfiɗa, a hau da ƙafa a taka, a matse, a sake. Shimfiɗun roba na ƙafa na fitar da su na jingine a katanga.

Shawara kam na sha ta kafin in karya kumallo. Uwargida ta leƙo da kaskon turare a hannu, ta ce, “Baban yara, ka bari in turara maka ita da na Maiduguri, ko kwana ta yi a kogi ba wanda zai ji wari.” Na ce ai ba warin nake gudu ba, abin da ke haifar da shi nake gudu, in aka haɗa turaren wuta da warin danshi, wani wari na uku ake samu wanda ya fi kowannensu tayar da zuciya. Maƙwabcinmu kuma, malamin makaranta ne da ya yi ritaya, ya ce in kai ta tsakiyar rana in rufe ko'ina ruf, zafi zai gama aikin. Wannan ita ce shawarar da ta fi yawo a gari, kuma ita ta fi ɓarna. Zafi yana tayar da ruwa ya zama tururi, gaskiya ne, amma in ba ƙofar fita, tururin gilashi da rufi yake kamawa, dare na yi ya sake sauka inda ya taso. Ɗumi da danshi a rufaffen wuri kuwa, fumfuna ba ta neman abin da ya wuce haka. Na ce masa, “Malam, Allah ya saka da alheri,” na ci gaba da matsar tawul.

Abin da ya hana ni zama shi ne lokaci. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce abin da ya jiƙe in an busar da shi cikin awa 24 zuwa 48, galibi fumfuna ba ta samun kama shi, ta kuma ce a riƙe danshin iskar ɗaki ƙasa da kashi 60 cikin 100. To mu a Agusta iskar garin ma kanta takan haura 70. Da a ce cikin hunturu abin ya faru, lokacin da danshi ke faɗuwa ƙasa da 20, da buɗe ƙofofi kawai zan yi in tafi harkokina. Ga shi babbar 'yarmu tana da asma, kuma a wannan kujerar ta baya take zama kullum.

Da hantsi na nufi Ƙofar Ruwa wajen wani dattijo mai ɗinkin kujerun mota. Lokacin saman kafet ɗin ya fara shan iska, in ka shafa sai ka ce an kusa. Na faɗa masa haka. Bai ce komai ba, ya sa sukudireba ya ɓalle robar dokin ƙofa, ya cusa hannu ƙarƙashin kafet har gwiwar hannu, ya damƙo wani abu ya matse. Ruwa ja-ja ya zubo ta tsakanin yatsunsa.

“Alhaji, ka ga inda ruwanka yake.”

“Baba, duk wannan a ciki?”

“Wannan somin taɓi ne.”

Abin da ya damƙo shi ne shimfiɗar da ke tsakanin kafet da ƙarfen mota, wadda ake yi da dagargajajjen tsumma a danne, don ta tare ƙara da zafin hanya. Bayan kafet ɗin kuma akwai wani shafi kamar roba. Ruwa yana gangarawa ta gefe da ta ramukan noti ya shige ƙasa, amma ba ya iya dawowa sama, don haka sai tsumman ya riƙe shi makonni. Shi ya sa za ka shiga motar wani cikin Oktoba, damina ta wuce, kafet a bushe ƙayau, amma warin yana nan, gilashi kuma kullum da safe ya yi gumi ta ciki. Baba ya ce yawancin masu zuwa wajensa sai abin ya kai haka suke zuwa, lokacin tsumman ya yi baƙi, ba abin yi sai a yar a yanka sabo.

Aka ce sai an fitar da kujeru. Yaronsa ya ɗauko sifana mai lamba 14 zai hau kwancewa, Baba ya daka masa tsawa ya ce ya fara cire kan batir. A ƙarƙashin kujerun gaba akwai wani soket ruwan ɗorawa, wannan launin alama ce ta wayoyin jakar iskar nan da ke fashewa lokacin haɗari. Ƙa'idar Toyota, motar tawa Corolla ce ta 2006, a cire waya mai alamar ragi daga batir, a jira daƙiƙa 90 kafin a taɓa su, saboda na'urar tana riƙe sauran wuta. Baba bai san da lissafin daƙiƙa ba, shi dai ya ce a jira ya gama cin goronsa. Ya fi 90 ɗin nesa.

Da aka ɗaga kafet, ba abin da ban gani ba: ƙwallayen dabino tun na azumi, murfin biro, tsohon katin waya, ɗan kunne guda da aka daɗe ana cigiya a gida. A ƙasan motar akwai wasu toshe-toshe na roba, aka ɓalle biyu, ruwan da ya taru a kwarin ƙarfen ya tsiyaye ƙasa. Muka goge ƙarfen tas. Wuri ɗaya tsatsa ta fara ci, aka kankare aka shafa fenti.

Sai wani abu ya ɓullo da ba shi ya kawo ni ba. Gefen mai zaman banza ma a jiƙe yake, alhali tagar da ta buɗe tana baya ta ɓangaren direba, kuma tsumman wajen ya riga ya yi ɗige-ɗigen toka-toka, warinsa daban, na tsohon danshi. Baba ya shinshina ya ce wannan ba ruwan jiya ba ne. Aka buɗe bonet, aka cire robar da ke gindin gilashin gaba, ƙarƙashin waifa. Kwatar da ke wajen ta cika dam da ganyen darbejiya da ƙurar hunturu da ta zama laka. Nan ne duk ruwan gilashin gaba yake sauka ya fita ta gefe biyu, nan ne kuma bakin da fankar mota ke jan iskar waje yake. In kwatar ta toshe, ruwa ya taru ya haura bakin, sai ya bi ta fanka ya ɗiga daidai ƙafar fasinja. Inuwar darbejiyar ƙofar gidanmu da nake taƙama da ita, ashe da kuɗinta. Muka kwashe lakar da hannu, muka zuba ruwa a buta muka ga yana fita ta bayan taya. Matatar iska da ke bayan akwatin dashbod ta yi baƙi ta jiƙe, na sayi sabuwa. Da yake kwamfutar injin wannan motar a nan kusa take, na kira mai rewaya ya duba soket-soket ɗin, ya ce ruwa bai kai gare su ba. Alhamdu lillahi, don wannan da ya fi komai tsada.

Kujerar baya ɗagowa kawai ake yi ta fita. Sosonta ba a murɗa shi, yagewa yake. A kife ta a kan benci a danna da gwiwa. Na kai ta wajen wankin mota da ke da injin zuƙar ruwa, na tsaya a kansu, domin in ka juya baya yaran nan sai sun ƙara mata omo da bokitin ruwa, a ganinsu gyara ne. Zuƙa kawai na ce, kuma abin da injin ya fitar ya ba ni mamaki bayan duk matsar da muka yi.

Bayan azahar na dawo gida da kujerar direba kaɗai a cikin mota, sauran an ɗaure a a-daidaita-sahu yana bina a baya. Yaran layinmu suka yi ta dariya, wani ya ce na koma ɗaukar kaya.

Tsumman ƙasa mun yanke wanda ya yi ɗige-ɗige mun yar, sauran na shanya a igiya. Kafet ɗin ban cire shi gaba ɗaya ba, na tokare shi da gwangwanayen madara da guntayen katako yadda iska za ta ratsa ƙasansa, na buɗe ƙofofi huɗu da but, na kafa fankar ɗaki a ƙofa ɗaya tana hurawa ta fita ta ɗayar. Ba wuta, sai janareto. A irin wannan yanayi iska mai motsi ta fi rana aiki, don rana ta yau leƙe kawai take yi ta koma.

Wajen la'asar hadari ya sake haɗowa. Muka kwashe shanya a guje, na toshe tagar da kwali da leda biyu, na rufe ƙofofi na tayar da mota, na kunna esi tare da hita, iska tana zagayawa a ciki, an karkata ta ƙasa. Maƙwabcina ya tsaya yana kallona kamar na zautu: sanyi da zafi lokaci guda, ga tsadar mai. Amma hita ce ke tayar da danshin daga kafet, esi kuma ya kama shi a jikin ƙarfensa mai sanyi ya zubar ta bututu a ƙasan mota. Na nuna masa ruwan da ke ɗiga a ƙasa, ya gyaɗa kai, bai dai ce na yi gaskiya ba. A waje na yi wannan, ba cikin gareji ba. Hayaƙin mota a rufaffen wuri kisa yake yi ba tare da mutum ya ji warin komai ba.

Da ruwan ya ɗauke na fesa farin khal, irin na girki mai kashi 5 cikin 100, a bayan kafet da ƙarfen gefen fasinja, na bar shi ya jima kafin in goge da tsumma, da takunkumi a hancina. Uwargida ta kawo bilic ɗin wanki ta ce ya fi ƙarfi. Ya fi, amma yana cinye launin yadi, yana sa ƙarfe tsatsa, in kuma ya haɗu da khal iskar kulorin yake fitarwa, mai ƙona huhu. Na mayar mata da abinta. Bekin soda na ajiye sai kafet ya bushe sarai, don in aka barbaɗa a kan danshi dunƙulewa yake ya zama wani aikin. Gawayi dai na zuba a tsohon kwando na sa a ciki saboda wari.

Yanzu bayan isha'i ne, bayana kamar an yi mini duka. Kujeru suna falo a jingine, fanka na kansu, yara sun mayar da su wajen wasa. Kafin in shigo na shimfiɗa farar leda a wuri biyu a kan kafet na danne gefenta; in da safe na ga gumi a ƙasanta, da sauran aiki, kujeru ba za su koma ba. Baba ya ce kada in yi gaggawar ɗaurawa ko da zai kai Talata, kuma in na zo a mayar da toshe-toshen roban nan kafin komai, kada ruwan titi ya shigo ta ƙasa. Mai gilashi ya ce sai Litinin zai samo injin tagar. Gobe da safe a-daidaita-sahu zai kai yara Islamiyya, uwargida kuma ta ce kuɗin daga aljihuna, tunda na ƙi turarenta.