Kunne ma yana cin nama

Shekara 17 ke nan ina sana'ar tsire da kilishi a garin Garwa na ƙasar Kamaru, kusa da babbar kasuwa. A hannun mahaifina na koya, yanzu yara huɗu ke aiki tare da ni. Da asuba muke zuwa kwata mu zaɓi cinya, hantsi na yi mun yanka ta falle-falle mun shanya, sai a tsoma a labu, a sake shanyawa, a ɗora a wuta kaɗan. Bayan la'asar a kunna tukuba. Duk wannan aikin hannu ne da hanci da harshe, amma na daɗe da gane cewa kunnen mai saye yana rigan bakinsa yanke hukunci.

A kilishi na fara lura. Wanda ya san kaya ba ya tambayar yaushe aka yi shi, sai ya ɓalli gefe ya saurara. Idan ya ji ƙaras, ya ciro kuɗi. A hunturu wannan ba ya ba mu wahala. Amma a watan Agusta, lokacin da damina ta zauna kuma iskar Binuwai ta cika da danshi, kilishin da aka yi jiya sai ya yi laushi ya daina magana. Nama ɗaya, tunkuza ɗaya, citta da kanumfari da barkono awo ɗaya, amma sai ka ji an ce, "Alhaji, na yau bai kai na kwanaki ba." Shi ya sa da damina ba na miƙa wa kowa kilishi sai an sake gasa shi minti biyu a gabansa. Gawayin da nake ƙonawa a kan haka ba ƙarami ba ne, kuma ban taɓa jin na yi asara ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru a farkon 2022, lokacin da aka buga wasannin kofin Afirka a filin Roumdé Adjia. Gari ya cika da baƙi, na sayi janareta saboda fitila da talabijin, na ajiye shi dab da bencin masu ci. Ba a yi sati ba ƙorafi ya fara. Wani dattijo da ya fi shekara 10 yana cin tsirena ya ture takardar ya ce, "Ɗana, yajinka ya yi lami." Na ɗanɗana a gida da dare, na ji shi daidai. Duk da haka na sa aka ƙara gishiri da magi, sai masu saye su tafi da shi gida suka dawo suna cewa gishiri ya yi yawa. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin har na fara zargin yaron da ke daka mana yaji, alhali ba shi da laifin komai.

Ɗan ƙanwata da ke karatu a jami'ar Ngaundere ne ya warware mini. Ya zauna a bencin, ya ci tsinke biyu, ya ce, "Kawu, a kashe injin nan tukuna." Aka kashe. Ya miƙa mini tsinke, na ci, gishiri ya fito sarai. Ya ce an gwada wannan a Ingila: a wani bincike da aka wallafa a 2011 tare da jami'ar Manchester, mutanen da aka sa wa ƙara mai ƙarfi a kunne sun ji gishiri da zaƙi sun ragu a abincin da suke ci. Ya kuma ba ni labarin Charles Spence na jami'ar Oxford da Massimiliano Zampini, waɗanda a 2004 suka ba mutane soyayyen dankalin Pringles suna jin ƙarar cizonsu ta abin sawa a kunne. Da aka ƙara ƙarfin ƙarar sai suka ce dankalin sabo ne, da aka rage suka ce ya kwana, alhali duk iri ɗaya ne. Ina ji na tuna da kilishina na Agusta.

Washegari na sayi doguwar waya, aka kai janareta bayan katanga, muka koma tsohon awon yaji. Na kira yaron nan a gaban 'yan uwansa na ba shi haƙuri.

Tun daga nan rediyon rumfa ma ni ke riƙe da ita. Yarana suna son kiɗa mai zafi, kuma na lura idan shi ke tashi mutane a tsaye suke ci su wuce, ba mai neman ƙari. Idan na sa goge ko garaya ƙasa-ƙasa, sai a zauna, hira ta ɓarke da Hausa da Fulatanci, a nemi shayi wajen maƙwabcina, a ƙara tsinke biyar. Ina barin sautin ƙasa yadda mai wucewa zai ji kitse yana ɗiga cikin garwashi, cuu, domin wannan ƙarar ta fi kowane allo jawo mini mutane. Da azumi kuwa, daga an kusa kiran magariba nake kashe rediyon gaba ɗaya, ba a sake kunnawa sai an sauko daga asham.