Kafin ka kira kafinta, ka tambayi mai girkin

Ƙannena masu shirin aure da waɗanda suka ɗan samu sarari suna son gyara kicin ɗin gida, ku bani aron kunnenku, don wallahi abin da ya same ni bana so ya samu kowa.

Lokacin da iyalina ta tafi wankan gida bayan haihuwarmu ta biyu sai nace bari in yi mata bazata, kafin ta yi arba'in ta dawo ta tarar da sabon kicin. Niyya mai kyau ce, amma nan ne kuskurena na farko, ban tambaye ta komai ba. Hoto kawai na gani a Instagram, kicin fari tas da hannaye masu ruwan gwal, na tura wa kafinta nace irin wannan nake so, yace an gama Alhaji. Na biya shi kuɗin kaya da na aiki gaba ɗaya tun kafin ya buga ƙusa ko ɗaya, shi ya sa daga baya da abubuwa suka fara lalacewa in na kira sai yace yana wani aiki, gobe, jibi, har na gaji na bari.

Ranar da ta dawo ta yi murna sosai, ta yi ta addu'a. Kwana uku da dawowarta na shigo da yamma na same ta tsaye a kan kujera 'yar tsugunno tana tuƙa tuwo, mai jego fa. Nace lafiya? Tace Baban Ummi teburin ne ya yi min tsawo, hannuna baya kaiwa in juya muciya. Kunga abin da ban lissafa ba kenan. Kafinta ya yi teburin santimita 90 kamar yadda aka saba, to amma wancan awon na murhun da ake binnewa cikin tebur ne, mu kuwa namu na ɗorawa ne a sama, ga tsayinsa ga tsayin tukunya, sai bakin tukunyar ya zo mata kusan ƙirji. Da na tambaye ta tun farko da an sauke gefen murhun ƙasa kaɗan an huta. Haka kuma babu inda buhun shinkafa zai shiga, babu wurin jarkar manja, turmi da taɓarya suna tsakar gida, babbar tukunyar da take ɗorawa da sallah ko suna kuwa ko ƙofar kabat ɗin bata shiga. Kicin ɗin hoton an yi shi ne don masu cin abinci daban da namu.

Sai maganar ƙarafuna, wadda ita ce ta fi ci min rai, don a nan na yi tsumulmula. Na kashe kuɗi a kan launi da dutsen saman tebur saboda su ido ke gani, da aka zo hinji da layin durowa sai nace a sa masu araha, ai a ciki suke wa zai gani. To su ne fa ke aiki kullum, ƙofar da ake buɗewa sau ashirin sau talatin a wuni, yara su rataya a jiki, a turo ta da ƙafa in hannu da kaya. Damina ɗaya hinjin ƙarƙashin sinki ya yi tsatsa, ƙofofi suka fara saukowa suna gogar juna, durowar cokula kuma in ka jawo sai ta maƙale a rabi sai an girgiza ta.

Abin da na koya daga baya, hinjin kabat irin na yanzu rami mai faɗin milimita 35 ake fafe masa a jikin ƙofa, kuma yana da sukurori da ake juyawa a daidaita ƙofa in ta karkace, saboda haka ka tsaya a kan kafinta ya nuna maka yadda ake yi. Ka nemi mai rufewa a hankali, wanda 'yan kasuwa ke cewa haidirolik, ƙofa bata bugawa garam ta farkar da jariri. In aljihu ya kai akwai Blum na Ostiriya da Hettich na Jamus, in bai kai ba ko a ƙofofin da aka fi buɗewa ka sa masu kyau, sauran a lallaɓa. Doguwar ƙofa kuma hinji biyu baya riƙe ta, a sa uku ko huɗu. Layin durowa ka ɗauki mai boris wanda ke fitowa har ƙarshe, ba mai tayar roba ba. Kuma ka je da ƙafarka, in a Kano kake ka shiga Kofar Ruwa ka ɗaga a hannu ka ji nauyi, ka buɗe ka rufe, ka kwatanta shago uku kafin ka ciro kuɗi.

Hannayen gwal ɗin nan da suka ruɗe ni, fenti ne kawai a sama, hannu da manja da sabulu wata shida suka fara ɓarewa suna baƙi. Ga su dogaye masu baki a fice, kullum sai sun kama mata hijabi ko zani, Ummi kuma daidai goshinta suke, sau biyu tana ƙumewa. Da naje canzawa sai wata matsalar, tazarar ramukan sukurorinsu bata dace da na kasuwa ba, don yawanci milimita 96 ne ko 128 ko 160, dole aka sake huda ƙofofin aka toshe tsofaffin ramuka, har yau tabon na nan. Ka sayi na silba mara tsatsa, mai lanƙwasasshen baki, ka ƙara biyu ko uku ka ajiye don in ɗaya ya karye ba lallai ka sake samun irinsa ba.

Katako ma haka, MDF, wato allon da ake yi da matsattsen garin katako, aka sa min har ƙarƙashin sinki, famfo na ɗiga kaɗan kaɗan bamu sani ba, sai gani muka yi ya kumbura kamar burodin da ya jiƙa, kyankyasai suka samu gida. Wurin ruwa a sa katakon da ke jure ruwa, kauri milimita 18, a ɗaga kabat ɗin daga ƙasa saboda mopin, kuma mai famfo da mai wayarin su gama nasu kafin kafinta ya shigo.

Wanda har yanzu in na tuna gabana ke faɗuwa shi ne tukunyar gas. Don kicin ya yi kyau nace a rufe ta cikin kabat, babu ko huda ɗaya ta iska. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in yana zuba ƙasa yake taruwa. Wata asuba iyalina ta buɗe ƙofar wari ya buge ta, Allah Ya tsare bata riga ta ƙyasta ashana ba, tiyon ne ya tsage. A ranar na kira aka huda bango, aka mayar da tukunyar waje cikin ɗan keji mai kwaɗo a inuwa, ita kuma na zaunar da ita da biro da takarda nace ta faɗa min duk abin da take so a gyara, ta cika shafi biyu.