Babi na Huɗu

Shagona ɗaki ɗaya ne a layin masu buga takardu, daf da ƙofar wata jami'a a Kano. Kwamfuta uku, firinta ɗaya, sai ƙaramin janareta da ya fi ni sanin halin wutar unguwar. Da buga takardu na fara, amma yau abin da ke ciyar da ni da yarana biyu shi ne babi na huɗu, inda ɗalibi ke baje alƙaluman bincikensa ya faɗi abin da suka nuna. Galibin masu zuwa 'yan fannin nazarin halayyar ɗan Adam ne.

Aikin yakan iso ne cikin baƙar leda: takardun tambayoyi ɗari biyu, ɗari uku, wasu da tabon manja. Mutane na ɗauka wahalar tana wurin lissafi. Ina! SPSS, manhajar lissafin alƙaluma da ake amfani da ita tun 1968, kafin ka kurɓi shayi ta gama. Kwanakin suna tafiya ne wurin shigar da amsoshi ɗaya bayan ɗaya da tsince tsakuwar da ke cikinsu. Ɗauki ma'aunin Rosenberg na 1965, wanda ke auna yadda mutum ke ganin ƙimar kansa. Jimloli 10 ne, biyar daga ciki a juye aka rubuta su, ta yadda wanda ya amince da su ƙasa makinsa zai yi. In ba ka juya makin waɗannan biyar ba, komai ya dagule. Wata ɗaliba ta taɓa zuwa idonta jawur, wai alfar Cronbach ɗinta, lambar da ke nuna ko jimlolin ma'auni sun tafi bai ɗaya, ta faɗi warwas, alhali 0.7 ake nema. Na duba na ce, "Ƙanwata, share hawayenki, biyar ɗin nan ne ba ki juya ba." Minti goma aka yi ta fita tana dariya.

Akwai kuma ledar da kana buɗewa za ka ga biro ɗaya, hannu ɗaya, tun daga takarda ta farko har ta ƙarshe. Wannan nakan ɗaure ta in miƙa wa mai ita.

In zan bayyana wa ɗalibi abin da muke yi, Dawanau nake kai shi. Mai sayen gero ba ya zazzage buhu, hannu yake sawa ya ɗebo kaɗan ya yanke hukunci a kan sauran. Mutum ɗari biyun da ka tambaya su ne cikin tafin hannun, dubban da ba ka tambaya ba su ne buhun. Idan daga bakin buhu kawai ka ɗiba, wato 'yan ajinku da abokanka, babu gwajin da zai gaya maka abin da ke ƙasa. Gwajin t, wanda muke kwatanta rukuni biyu da shi, don irin wannan ƙaramin ɗiba aka ƙirƙiro shi. William Gosset ne ya fitar da shi a 1908 yana ma'aikaci a kamfanin giya na Guinness a Dublin, ya kuma ɓoye sunansa ya sa "Student". Ɗalibai kan yi dariya in na faɗa musu.

Rigimar sana'ar nan duk a kan lamba ɗaya take, wato p. Ma'anarta: da a ce babu wani bambanci tsakanin rukunan nan, sau nawa dace kawai zai ba ka tazara kamar wadda ka gani, ko fiye? An saba in ta gaza 0.05, ɗaya cikin ashirin ke nan, sai a ce an samu sakamako. Ronald Fisher ne ya yaɗa wannan iyaka a littafinsa na 1925, don sauƙin aiki, ba wahayi ba ne. Amma ɗalibai sun mai da ita makin cin jarrabawa.

Ni ma ba wankakke ba ne. A farkon sana'ata na taɓa zama da wani aiki ina ta sauya gwaji, in raba maza da mata, in raba ta shekaru, in cire wannan in mai da wancan, har wata p ta sauko. Na ji daɗi a ranar. Daga baya na gane cewa wanda ya jefa ƙugiya sau ashirin, ko a kududdufi ne, da wuya ya fito hannu rabbana. A 2015 mujallar Science ta buga aikin wata tawagar masana da suka sake gudanar da bincike 100 na wannan fanni. A karon farko 97 sun ba da sakamako, da aka maimaita kusan kashi 36 cikin ɗari ne kawai suka ba da. Manya ke nan a Turai da Amurka, balle mu. Tun daga nan nake tambayar hasashen ɗalibi a rubuce kafin in taɓa kwamfuta, kuma kusa da kowace p nakan sa girman bambancin, don a ga ko ya kai a yi magana a kansa.

Makon jiya wani mai digiri na biyu ya kawo aiki kan damuwar jarrabawa tsakanin 'yan kwana da 'yan jeka-ka-dawo. Lambar p ta fito 0.21. Ya jawo kujera, ya rage murya.

"Malam, don Allah a ɗan taɓa ta mana. Zan ƙara wani abu."

Na ce, "Ɗan'uwa, ba ka faɗi ba. Ba ka ga shaidar bambanci ba ne, kuma shi ma abin rubutawa ne. Zauna in nuna maka yadda ake faɗinsa a gaban malamai."

Ya ce zai yi shawara, ya ɗauki filashinsa ya fita. Na san akwai shaguna a layin nan da za su taɓa masa ita kafin la'asar. Ledarsa dai ya bar ta a ƙarƙashin teburina, har yanzu bai aiko a ɗauka ba.