Ranar da na yi haɓo a kan dutsen Sandiya

A Agege, cikin Legas, aka haife ni, can na yi wayo. Arewa kuwa sai in biki ko rasuwa ta kai mu Katsina, mu yi kwana uku mu juyo. Amma da na zo Albukarki, a jihar Niyu Meziko ta Amurka, abokan aikina suka ji ni Bahaushe ne, sai suka ɗauka daga bakin Sahara na fito. Ni kuma ban gyara musu ba. Har cewa na yi ai hamada gidanmu ce. Bakin nan shi ya ja mini.

Garin a kan tudu yake, sama da mita 1,500 daga teku, Legas kuwa ƙafarta cikin ruwa take. In ka shanya wanki a nan, kafin ka idar da la'asar ya bushe ƙayau. Wake ma sai ka gaji da jira bai nuna ba, don ruwa yana tafasa tun bai yi zafin da muka saba ba.

Cikin Oktoba ne, lokacin bikin manyan balan-balan masu tashi da mutane sama da suke yi tun 1972, wanda ya fara da guda 13 yanzu ya koma ɗaruruwa. Da safe muka kalli sama ta cika da su, da yamma aka ce a hau dutsen Sandiya. Sunan wai kankana ne da Sifaniyanci, kuma gaskiya in rana za ta faɗi ja yake yi kamar cikinta. Ana hawa ne a wani akwati mai rataye da waya, yana aiki tun 1966, tafiyar kamar minti 15. Kowa ya zo da rigar sanyi da gorar ruwa. Ni na ci farar shadda da hula kube, saboda hoton da zan tura gida.

Can sama ya haura mita 3,100. Ina fita sanyi ya mare ni. Ban taka matakala goma ba numfashi ya fara gagara, jiri ya kwashe ni, sai na ji ɗumi a leɓe. Haɓo. A gaban shaddar, tun daga wuya har aljihu. Na ɗaga kai sama yadda aka koya mana a firamare, sai wata tsohuwa mai sandar hawan dutse, wadda ta girmi Inna, ta ce a'a, sunkuyo zan yi in matse hanci. Ta ba ni ruwanta. Wani abokin aikina ya ce, "Ina ɗan Saharar?" Suka yi dariya, ni ma na yi, amma har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage.

Duk wanda Allah ya kawo garin nan, ya huta kwana biyu kafin ya ce zai hau dutse, ya yi ta shan ruwa ko ba ya jin ƙishi, ya riƙe man shafawa. In an tambaye shi a gidan abinci ja ko kore, barkono ake nufi. Ya kuma leƙa tsohon gari, wanda aka kafa a 1706. Ginin ƙasa ne da azara da indararo, sak gidan kakanmu na Katsina da muke rainawa muna yara. A nan baƙi ke zuwa ɗaukarsa hoto. Na daɗe tsaye ina kallon indararon nan.

Hoton da na tura gida daga wuya zuwa sama na yanke shi. Duk da haka Inna ta kira. Asubata azahar ɗinsu ce, ina jin hon ɗin danfo ta bayanta.

"Kai, me ya sami leɓenka? Ba ka cin abinci ne?"

"Inna ku kwantar da hankalinku, hunturu ne kawai."

Ta ce hunturun Turawa ma fasa baki yake yi? Ta ba wani mai zuwa Amurka man kaɗe ya kawo mini, ba ta san tsakanina da shi tafiyar jirgi ce ba. Daga nan zance ya koma kan kayan ɗakin ƙanwata, da mai gida da ya ƙara kuɗin haya, da gwiwar Baba. Kafin ta kashe ta ce ranar ɗaurin aure, in za a kira ni a bidiyo, in sa farar shaddar nan da ta ɗinka mini ta tafiya. Na ce to. Sau uku ina wanke ta, tabon bai fita ba.