Na koma Ngaundere

Da motarmu ta gama hawan tudun nan mai lanƙwashe-lanƙwashe na hanyar Garwa, sai iska ta sauya. Na ja wuyan rigata ban ma sani ba. Sanyin nan ne dai da ya tarbe ni a 1986, ranar da na sauka a Ngaundere ta ƙasar Kamaru daga Haɗeja ina saurayi, da riga ɗaya da 'yar jakar leda.

Ni ɗan ƙasar zafi ne, ba wanda ya gaya mini garin yana bisa tudu da ya haura mita 1,000. Daren farko a zauren wani Alhaji mai fataucin shanu a unguwar Hausawa, haƙorana har haɗuwa suke yi. Can tsakar dare ya fito da fitila, ya lulluɓa mini bargonsa.

"Ɗana, nan ba Najeriya ba ce. Rufa."

"Na gode, Baba."

Shekara takwas na yi a hannunsa. Aikina kora shanu zuwa tasha, a loda su a jirgin ƙasa zuwa Yawunde, don a nan layin dogo ya tsaya tun 1974. Duk kayan Arewacin Kamaru da na Cadi a nan suke haɗuwa. Faransanci bai taɓa zama a bakina sosai ba. Fulatanci ne ya buɗe mini gari. Ranar da na ce wa wani dattijo "Jam na?" a ƙofar fadar Lamiɗo, ya amsa ya kama hannuna ya ƙi saki, ranar na daina jin ni baƙo ne. Lissafin sefa kuwa ya ba ni wuya, har sai da aka karya darajarta a Janairun 1994, kasuwa ta rikice, na bi abokai zuwa Njamena.

Yanzu garin ya cika ya batse. 'Yan acaba ko'ina, gine-gine sun miƙa har wajen Dang inda jami'a take. Wurin da muke kiwo ya zama gidaje. Amma dutsen yana nan, da ƙaton dunƙulen da ke zaune a kansa kamar cibiya. Daga nan ma sunan garin ya fito, a harshen Mbum: dutse mai cibiya. Na daɗe tsaye ina kallonsa da hantsi, hazo yana yayewa daga jikinsa, jar ƙasa tana manne a takalmina.

Sai da na yi tambaya sau uku kafin na gane gidan. Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Hajiya na zaune a kan tabarma, idonta ya yi rauni. Na durƙusa na gaishe ta. Ta yi shiru, ta karkata kai.

"Muryar nan... ba ɗan Haɗejan nan ba ne mai jin sanyi?"

"Ni ne, Inna."

Ta lalubo hannuna ta riƙe, sannan ta ɗaga murya ta ce wa jikarta a share zaure, a fito da bargo.